Hukuncin Mai Shayarwa Da Kumburin Nono Ya Ƙi Jin Magani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinsa da cuta, Mai yaye musu ita da rahamarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Kwanakin baya wani bawan Allah mai fataucin hatsi tsakanin kasuwannin Bakori da Dandume ya same mu a zaure bayan sallar La'asar, ya jira sai da almajirai suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, gidana ya rabu biyu, na rasa wanda zan bi." Matarsa tana goyon wata huɗu. Nononta na dama ya kumbura, bayan 'yan kwanaki na hagu ya bi sawu. Tsofaffin gida suka ce ciwon nono ne irin na masu jego, aka yi gashi da ruwan zafi, aka shafa abin da aka saba shafawa, aka sayo ƙwayoyi a kemis har sau biyu. Mako uku ana haka, kumburi sai gaba yake yi, ga zufa da dare har ta jiƙa shimfiɗa, ga rama. Da aka kai ta babban asibiti sai likitoci suka ce za su sa allura su ciro 'yar tsoka a auna, kuma in abin da suke zato ne, tilas ta daina shayarwa. Nan fa gardama ta tashi. Surukarsa ta ce daji ba ya son ƙarfe. Wani kawunsa ya ce Alƙur'ani shekara biyu ya ambata, wane ne zai yaye ɗan wata huɗu? Wani kuma ya ce yaya za a yi namiji ya duba ƙirjin matar aure?

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka a wannan rana abu ɗaya kurum muka ce masa: "Alhaji, gobe da sassafe ka mayar da ita, a yi awon." Daga baya muka zauna da likitoci, muka karanta abin da ya sawwaƙa, muka ga ya kamata mu shimfiɗa wa masu karatu al'amarin duka, domin gidajen da ake irin wannan gardama suna da yawa.

Wace cuta ce wannan?

Awo ya nuna cewa abin da ke damun wannan baiwar Allah wani nau'in ciwon daji ne da likitoci ke kira limfoma ta Burkitt. Limfoma sankara ce da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun da Allah ya ajiye a jiki don yaƙar cuta, waɗanda ke taruwa a kaluluwa da saifa da ɓargo. Ta bambanta da sankarar mama da aka fi sani, wadda ke tasowa daga hanyoyin ruwan nono, kuma takan ɗauki watanni ko shekaru tana girma. A cikin matan da ake samu da ciwon daji a nono, waɗanda nasu limfoma ce ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ta Burkitt kuwa ta fi haka ƙaranci.

Abin tsoro game da ita shi ne sauri. Tana cikin sankarorin da suka fi saurin girma a jikin ɗan Adam, domin ƙwayoyinta kan ninka a cikin awa 24 zuwa 48. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar wannan lissafi: abin da ke ninkawa duk kwana biyu, in ba abin da ya rage shi, cikin kwana 20 ɗaya ya haura dubu. Gaskiya ne waɗansu ƙwayoyin suna mutuwa a hanya, amma duk da haka mako uku na jinkiri a wannan cuta ya fi watanni a wata.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1957 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, ya ga yaro da kumburi a muƙamuƙi sama da ƙasa, bai daɗe ba ya ga wani irinsa. Ya bi tsofaffin takardun asibiti, ya buga abin da ya samu a 1958. A 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota suna zaga asibitocin gabashi da kudancin Afirka, suka lura cewa cutar tana yawaita inda ake da zafi da ruwan sama, tana ƙaranci a kan duwatsu masu sanyi. Daga baya aka gane cewa taswirarta da ta zazzaɓin cizon sauro kusan ɗaya ce. A 1964 kuma masana uku a Landan, Epstein da Achong da Barr, suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar da Burkitt ya aika musu, wadda ake kira Epstein-Barr har yau.

Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne: wannan ƙwayar cuta tana bin miyau, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta cuce su ba, kuma yaran Afirka kan same ta tun suna ƙanana. Zazzaɓin sauro mai yawan dawowa yana raunana tsaron da jiki ke yi mata, yana kuma tilasta wa fararen ƙwayoyin jini hayayyafa ba hutu. A cikin wannan gaggawa sai a sami kuskure a igiyoyin gado da ke cikin ƙwaya guda, mafi yawa wani yanki na igiya ta 8 ya sauya wuri da na ta 14, daga nan ƙwayar ta rasa linzami. Cutar ƙanjamau ma tana buɗe mata ƙofa, shi ya sa likitoci ke yin wannan awo ga duk wanda aka samu da ita, ba don zargi ba. Ita kanta sankarar kuwa ba a ɗaukarta daga wani, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko ware mata kwano.

Yara ta fi kamawa, a muƙamuƙi ko a ciki. Amma a 1967 likitoci biyu a Kampala, Shepherd da Wright, suka ba da rahoton cewa takan bayyana ga matan da ke shekarun haihuwa da kumburin nono biyu a lokaci guda, musamman masu ciki da masu shayarwa. A nan Nijeriya Dakta J. I. Durodola na Ibadan ya yi rubutu a kan masu shayarwar da ta kama a 1976. A Ibadan ɗin ne kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya kasance cikin na farko da suka nuna cewa magani yana narkar da wannan ƙari, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da waɗansu a 1972.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun kafa aikin bincike a Malumfashi, marigayi Farfesa Umaru Shehu yana cikin jagororinsa, kuma zazzaɓin sauro yana cikin abubuwan da suka fara aunawa a ƙauyukanmu. Duk wanda ya yi damina a Funtuwa ko Ƙafur ko Danja, ko ya kwana kusa da madatsar ruwa ta Mairuwa, ba ya bukatar a gaya masa ƙarfin sauro a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Ashe gidan sauro da ake rabawa yana da amfanin da ya wuce wanda muka sani.

Yadda ake rarrabe ta da ciwon nono

Mafi yawan kumburin da masu shayarwa ke samu ba daji ba ne, kada a tayar wa mata hankali. Ruwan nono ne ke taruwa, ko ƙwayar cuta ta shiga ta tsagewar kan nono. Irin wannan yakan kama gefe ɗaya, wurin ya yi ja, ya yi zafi, da zogi da zazzaɓi, kuma in aka ci gaba da shayarwa aka sha maganin da ya dace, cikin kwana biyu ko uku sai a ga sauƙi. In ya tara mugunya a cire ta a asibiti, shi ke nan.

Abin da ya kamata ya tsayar da maigida shi ne: kumburin da ya sha magani bai saurara ba, ko wanda ke ƙaruwa a kan ido daga wannan mako zuwa wancan, ko wanda ya kama nono biyu ya yi tauri alhali zoginsa bai kai girmansa ba, ko a ga kaluluwa a hammata ko a wuya, ko zufar dare, ko rama, ko kumburin ciki. Nonon mai shayarwa cike yake, da tauri dama, shi ya sa ƙullutu ke samun wurin ɓuya, har ma'aikacin lafiya ma yana iya ɗaukarsa ciwon nono ne a karon farko. Saboda haka in an gama maganin farko babu canji, ba a sake sayen wani a kemis, sai a nemi babban asibiti.

A can za a yi hoton nono da na'ura, a ɗebi jini, sa'an nan a kashe wurin da allura a ciro tsoka siririya kamar tsinken tsintsiya. Masana kan duba ta a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, su ga ƙwayoyin sun cunkushe da ɗigo-ɗigon haske a tsakaninsu, har suka kamanta abin da sararin sama mai taurari. Babu hoto ko taɓawar hannu da ke maye gurbin wannan awo. Mutanen Funtuwa da Malumfashi suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a bakin hanyarsu kafin su shiga Zariya, akwai na Tarayya a Katsina, akwai na Malam Aminu Kano a Kano.

Ga kuma abin da mata da yawa ba su sani ba: maganin wannan cuta ba yanke nono ba ne. Magunguna ne masu ƙarfi da ake sawa ta jijiya zango-zango har tsawon watanni, waɗansu kuma ta gadon baya domin a tsare laka da ƙwaƙwalwa. Ƙarin yakan fara narkewa cikin kwanaki, har narkewar tana iya yi wa ƙoda nauyi, shi ya sa ake kwantar da mai jinya a yi ta ƙara mata ruwa. A ƙasashen da ake zuwa da wuri kuma ake cika magani, kusan tara cikin goma na yaran da ta kama suna warkewa. A ƙasashenmu adadin ya yi ƙasa da haka ƙwarai, kuma manyan dalilai su ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya.

Mas'ala ta farko: allura da ƙarfe

Cewar da ake yi daji ba ya son ƙarfe ba ta da asali a Alƙur'ani ko a hadisi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas, kuma shi da kansa an yi masa ƙaho. Babban likitan Musulmi na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yarda a cire sankara tun tana ƙarama, abin da ya hana shi ne taɓa wadda ta tsufa ta yi rassa. A nan gida ma Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun wallafa littattafai a kan magani, ba su ɗauki neman lafiya kishiyar tawakkali ba.

Mun san inda camfin ya samo ƙarfi. Ana kai mace asibiti bayan cuta ta gama cin jiki, a yi awo, ta rasu, sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. Addu'a da ruƙiyya da sadaka duka alheri ne, a yi su a kan hanyar asibiti da bakin gadon jinya. Amma sakiyar wanzami ko tsaga a kan kumburin da ba a san ko mene ne ba cutarwa ce, kuma Shari'a ta hana cutarwa.

Mas'ala ta biyu: likita namiji

Kunya ado ce, kuma in akwai likita mace ƙwararriya ita ce kan gaba. In babu, malaman mazhabobi huɗu sun halatta wa likita namiji ya duba gwargwadon wurin da lalura ta shafa, ba tare da keɓancewa ba, miji ko muharrami ko ma'aikaciyar jinya na wurin. A zamanin Annabi mata irin su Rufaida da Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu sun yi jinyar mazajen da aka raunata a yaƙi. Mijin da ya hana matarsa fita neman magani a irin wannan hali ba kishi ya yi ba, amanar da aka ba shi ya tozarta. Mata kuma su sani ɓoye wa miji irin wannan kumburi ba ya cikin kunyar da addini ya yaba.

Mas'ala ta uku: yaye kafin lokaci

Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu, ita ce kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta ba da izinin yaye bisa shawara da yardar iyaye biyu, ta kuma halatta neman wata ta shayar. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta buɗe wannan ƙofa. A mazhabar Malikiyya shayarwa tana sauka daga kan uwa idan ba ta da lafiya, nauyin ya koma kan uba. A nan ma lamarin ya wuce izini ya zama wajibi, domin magungunan daji suna fita a ruwan nono. Shi Dakta Durodola ɗin ya ba da rahoto a 1979 na wata mai jego da ke karɓar irin wannan magani tana shayarwa, cikin kwanaki ƙwayoyin jinin jaririnta suka ragu ƙwarai. Kafin a fara magani kuwa, likita ne zai faɗi ko a ci gaba da ba da nono.

To, me jariri zai sha? Ba wa wata mace shayarwa sunna ce sananniya. Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya sun shayar da Annabi, shi ma ya ba da ɗansa Ibrahim ga matar wani maƙeri a Madina. Sai dai a kiyaye abu biyu. Na ɗaya, a auna lafiyar mai shayarwar, musamman game da ƙanjamau, wanda ke bin nono. Na biyu, a sani cewa a wurin Malikiyya duk abin da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu, ko tsotso ɗaya ne, ya haramta aure, saɓanin Shafi'iyya da suka shardanta sha biyar. Yaron ya zama ɗa ga matar da mijinta, ɗan'uwa ga dukan 'ya'yansu, amma haramcin bai shafi yayyensa da ƙannensa ba. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita kamar tamu, lalle a sanar da dangi, a rubuta a ajiye. In ba a sami mai shayarwa ba, sai madarar jarirai ta gwangwani, da tafasasshen ruwa, a kofi mai tsabta, bisa ma'aunin da aka rubuta. Nonon shanu da koko ba abincin ɗan wata huɗu ba ne.

Azumi kuwa, wannan baiwar Allah majinyaciya ce, za ta sha ta rama in Allah ya ba ta lafiya, kuma tun da ƙodarta na bukatar ruwa, dagewa a kan azumi saɓo ne a gare ta.

Mas'ala ta huɗu: wa zai biya?

Ba za mu ɓoye ba, mashhurin zance a tsofaffin littattafan fiƙihu, har da Mukhtasar na Shehu Halilu, shi ne kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Amma Ibnu Abdil Hakam, cikin manyan Malikiyya, ya wajabta masa, kuma malaman zamani irin su Shehu Wahbatuz Zuhaili na Sham sun rinjayar da haka, domin magani a yau bukatarsa kamar ta abinci ce. Wannan shi ne abin da muke ba da fatawa da shi. Madarar jariri ko ladan mai shayarwa kuwa a kan uba suke babu saɓani.

Maganin yana da tsada, ga kuɗin mota da na zaman jinya. Wanda ke da buhunan masara ko waken soya a rumbu yana jiran farashi ya hau, ya tuna cewa wannan cuta ba ta jiran kasuwa. Ma'aikacin gwamnati ya bincika abin da tsarin inshorar lafiyarsa ya ƙunsa tun kafin bukata ta zo. Attajirai kuma su sani majinyacin da jinya ta talauta shi yana cikin masu cin zakka, haka wanda ya ci bashi dominta. Babban gargaɗi kuma: in an yi zango ɗaya ko biyu aka ga kumburi ya sace, kada a ce an warke a koma gida. Ciyawar da aka sare ba a tuge saiwarta ba, ruwan farko za ta tofo, kuma wannan cuta in ta dawo ta fi wuyar magani.

Shi mai tambayarmu ya mayar da iyalinsa washegari. Matar ƙaninsa mai goyo ta karɓi jaririn bayan an auna ta, liman ya rubuta shayarwar a gaban shaidu. Har ranar da muke wannan rubutu tana karɓar magani, gashinta ya zube, jikinta ya yi rauni, kumburin ya sauka, amma da sauran tafiya, kuma likitoci sun ce da an zo tun makon farko da aikin ya fi sauƙi. Muna roƙon masu karatu su sa ta a addu'a.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya, musamman masu karantar da matan aure, da ungozomomi da masu kemis, su riƙe wannan ƙa'ida su yaɗa ta: kumburin nonon da ya ƙi jin maganin farko, na babban asibiti ne, a cikin wannan mako. Ajali a hannun Allah yake, amma za a tambayi kowane maigida abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya a kan Musulunci. Allah shi ne mafi sani.